Lura da 'Yan Shaho Bayan Barin Sheƙa a Birane

Lura da 'yan shaho bayan barin sheƙa aiki ne da masu sha'awar tsuntsaye da masana ke yi a manyan birane, inda suke bin diddigin ƙananan shahuna tun daga ranar tashinsu na farko har zuwa lokacin da suka iya farauta da kansu. An fi sanin wannan aiki a Arewacin Amurka da Turai, kuma ɗaya daga cikin tsuntsayen da aka fi rubutu a kansu shi ne shaho mai jan wutsiya, wanda masana ke kira Buteo jamaicensis.

Matakan girma

Ɗan shaho mai jan wutsiya yakan bar sheƙa yana da kwana 42 zuwa 46 da ƙyanƙyasa. Kafin wannan rana ana ganinsa yana tsalle a bakin sheƙa yana kaɗa fukafukai, wani lokaci ya taka zuwa reshe ko gefen gini ya dawo. Tashin farko gajere ne, saukar kuma ita ce mai wuya, don haka sau da yawa yakan ƙare a ƙasa, a kan mota, ko a bakin tagar wani gida. Iyaye suna ci gaba da kawo masa abinci har tsawon makonni, yana binsu da kuka mai tsini, kuma a wannan tsakani yana koyon kamu ta hanyar cafkar tsinke, ganye da ƙwari kafin ya kai ga ɓera ko tantabara. Ana bambanta shi da babba ta wutsiya: tasa ruwan ƙasa ce mai ratsi-ratsi, jan launin ba ya fitowa sai a shekararsa ta biyu. Idonsa ma fatsi-fatsi ne, yana duhu da shekaru.

Tarihi

Shahuna sun yi ƙaranci a Amurka a tsakiyar ƙarni na 20, saboda harbi da kuma maganin ƙwari na DDT, wanda ya sa ɓawon ƙwan wasu tsuntsaye masu farauta ya yi laushi har ya fashe a ƙarƙashin uwa. A shekarar 1972 aka hana amfani da DDT a noma a ƙasar, kuma a wannan shekarar aka shigar da shahuna cikin dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918. Daga nan yawansu ya farfaɗo, wasu suka shiga birane inda dogayen gine-gine suka maye musu gurbin duwatsu da manyan itatuwa.

Labarin da ya fi jawo hankalin jama'a shi ne na wani shaho da aka laƙaba wa suna Pale Male saboda hasken gashinsa. Ya bayyana a lambun Central Park na birnin New York wajen shekarar 1991, daga baya ya kafa sheƙa a saman wata taga ta gida mai lamba 927 a titin Fifth Avenue. Kowace bazara mutane kan taru a bakin wani ɗan tafki da ke fuskantar gidan da maduban hangen nesa, suna jiran ranar da 'ya'yansa za su tashi. A watan Disamba na 2004 masu gidan suka sa aka cire sheƙar, abin da ya haddasa zanga-zanga ta kwanaki a ƙofar gidan, har aka kafa wani ƙarfe da zai riƙe sabuwar sheƙa kafin watan ya ƙare. Pale Male da matarsa sun dawo, amma ƙwai bai sake ƙyanƙyashewa a wurin ba sai a 2011. An ba da sanarwar mutuwarsa a watan Mayu na 2023. Wasu masu lura sun yi shakkar ko tsuntsun da ya mutu shi ne Pale Male na asali.

Kyamarorin intanet sun faɗaɗa aikin. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell da ke Ithaca a jihar New York ta fara nuna sheƙar wata shahuwa mai suna Big Red kai tsaye a 2012. Sai dai kyamara tana ganin sheƙa ne kawai, don haka da zarar 'ya'yan sun tashi, labarinsu ya koma hannun waɗanda ke takawa da ƙafa suna nemansu a kan rufi da itatuwa.

A Turai, birnin Berlin ya yi suna da wani nau'in shahon daji da ke sheƙa a lambuna da maƙabartu.

Haɗura

Waɗannan makonni su ne mafi haɗari a rayuwar shaho, kuma da yawa ba sa kai shekara guda. Mota tana bugewa, gilashin gini yana yaudara, amma abin da ya fi damun masu lura shi ne gubar ɓera mai hana jini daskarewa. Ɓeran da ya ci gubar yakan yi kwanaki yana tafiya a raunane, shi ne kuwa ya fi sauƙin kamu ga ɗan shahon da bai ƙware ba. Wani bincike na asibitin namun daji na Jami'ar Tufts ta Amurka da aka wallafa a 2020 ya sami gubar a jikin dukkan shahuna 43 masu jan wutsiya da aka gwada. Akwai kuma ciwon maƙogwaro da suke ɗauka daga naman tantabara da kurciya, wanda aka yi nazarinsa sosai a jikin wani nau'in shaho a birnin Tucson na Amurka.

Ladabin lura

Ƙa'idar farko ita ce ba da tazara. Ɗan shahon da aka gani a ƙasa ba lallai ne maraya ba, domin galibi iyayensa suna kusa suna kallo, kuma cincirindon masu ɗaukar hoto kan hana su sauko da abinci. Masu lura kan tsare karnuka, su karkatar da masu wucewa, su kira masu lasisin jinyar namun daji idan fiffike ya saki ko jini na fita. A Amurka doka ta hana riƙe shaho a gida ba tare da izini ba. Ana saɓani kan lokacin da ya dace a ɗaga lafiyayyen tsuntsu daga titi a mayar da shi kan reshe.