Jinkirin izinin zama ga baƙi masu zuba jari

Izinin zama na masu zuba jari takarda ce da wasu ƙasashe ke bai wa baƙon da ya sa kuɗi masu kauri a tattalin arzikinsu. Jinkirinsa shi ne tazarar da ke tsakanin wa'adin da doka ta yanka da ranar da katin zai shiga hannun mai shi. A wasu ƙasashen tazarar kan kai shekaru.

Fotugal ta buɗe nata shirin a 2012, doka kuma ta ce a yanke hukunci cikin kwana 90. Mai nema zai fara samun lambar haraji da asusun banki, ya zuba jarin (misali Yuro 500,000 a asusun zuba jari da aka amince da shi), ya tura takardunsa ta intanet, sannan ya jira ranar ɗaukar hoto da zanen yatsa. A wannan gaɓar ce aikin ya fi cijewa, domin dole mutum ya je da ƙafarsa, guraben kuwa kaɗan ne. A Oktoban 2023 aka rushe SEF, hukumar da ke kula da baƙi da iyakokin ƙasar, sabuwar hukumar harkokin baƙi mai suna AIMA ta gaji aikinta na ba da izinin zama da tulin buƙatun baƙi iri-iri, waɗanda gwamnati ta ce sun kai kimanin 400,000 a 2024.

Babbar illar ita ce takardu na mutuwa a cikin layi. Shaidar rashin aikata laifi yawanci wata uku take yi, don haka kafin ranar ganawa ta zo sai an sake karɓo ta daga ƙasar asali, a buga mata hatimin tantancewa, a fassara ta. Jarin kuma ba ya taɓuwa, don cire shi na rushe buƙatar. Shi ya sa da yawa ke garzayawa kotun harkokin mulki domin ta tilasta wa hukumar sa rana.

A Amurka dalilin daban ne. Shirin EB-5 na baƙi masu zuba jari, da aka kafa a 1990, bizarsa kusan 10,000 ce a shekara har da ta iyali, kowace ƙasa kuma an ƙayyade kasonta a kashi 7 cikin 100. 'Yan Sin da Indiya ne suka fi daɗewa a layi, har ɗan mai nema kan haura shekara 21 ya fita daga lissafin iyali. Dokar 2022 ta sa mafi ƙarancin jari dala 800,000 a karkara da yankunan da rashin aiki ya yi yawa, ta kuma ce a fara duba takardun ayyukan karkara.