Waiwaye: Mustang Ranch, gidan karuwan da aka fara ba lasisi a Amurka

Mutane da yawa sun ɗauka a Amurka karuwanci halas ne a doka ko'ina, musamman in an ambaci Las Vegas. Ba haka abun yake ba. A duk jihohin ƙasar 50, Nevada ce kaɗai ake ba gidan karuwai lasisi, ita ma ba ko'ina ba, sai wasu gundumomin karkara. Las Vegas ɗin kanta haramun ne a doka, haka ma birnin Reno. Kuma in ka bi salsalar yadda aka yi aka zo nan, dole ka biyo ta kan gida ɗaya, Mustang Ranch, da ke gundumar Storey gabas da Reno a bakin kogin Truckee, da kuma mutum ɗaya mai suna Joe Conforte.

Shi Conforte haifaffen tsibirin Sisili ne a Italiya, an haife shi 1925, ya shigo Amurka yana yaro. Direban tasi ne a Oakland ta Kalifoniya, a nan ya fara kawalci yana kai fasinja wajen mata, da ya ga akwai kuɗi sai ya tattara ya koma Nevada a 1955 ya buɗe nasa a kusa da garin Wadsworth, ba gini ba ne ma, ɗakuna ne irin na tirela masu taya, ya dasa su daidai inda iyakar gundumomi uku ta haɗu, Washoe da Storey da Lyon, in ƴan sandan wannan sun matsa masa sai ya ja kayansa ya tsallaka waccan. Mai gabatar da ƙara na Washoe a lokacin, Bill Raggio, shi ya sa masa ƙahon zuƙa. Conforte ya nemi ya ɗaure Raggio da sharrin wata yarinya don ya sakar masa mara, reshe ya juye da mujiya, shi aka ɗaure, gidan kuma hukuma ta banka masa wuta a 1960.

Da ya fito bai daddara ba. A 1967 shi da matarsa Sally, wadda dama magajiya ce tun kafin su yi aure, suka karɓe gidan Mustang. Storey gunduma ce mai mutane ƙalilan da ƙaramin asusu, kuɗin Conforte kuwa ya shiga ko'ina a cikinta, to a 1971 ta ba shi lasisi, gida na farko kenan a Amurka da aka ba irin wannan takarda. Majalisar jiha ta firgita kar ya nufi Las Vegas ya ɓata wa masu gidajen caca kasuwa da suna, nan da nan a shekarar ta yi doka cewa duk gundumar da ta haura mutum 200,000 ba ta da ikon ba da lasisin. An ta ɗaga adadin daga baya, yanzu 700,000 ne.

Hujjar masu goyon baya ita ce in an kawo abu ƙarƙashin doka za a raba shi da miyagu. Tarihin wannan gida dai bai gaskata su ba. Ranar 22 ga Mayu 1976 aka harbe Oscar Bonavena a bakin get ɗin gidan, ɗan damben Ajantina ne da ya kai Muhammad Ali har zagaye na 15 a 1970, ya kuma kara da Joe Frazier sau biyu. Sally ce manajarsa a lokacin, kusancinsu ya hana Conforte sakat, kuma mai gadin Conforte ne, Willard Ross Brymer, ya harbe shi. Wata 15 kacal ya yi a gidan yari. Ran mutum guda, wata 15, wallahi duk sanda na tuna wannan sai raina ya ɓaci.

Sai maganar haraji, wadda ita ce ta ci gidan a ƙarshe. A 1977 kotu ta kama mata da mijin da laifin ƙin biyan haraji, da Conforte ya ga ɗauri ya tabbata sai ya gudu Burazil a 1980, ya dawo 1983 bayan ya yi ciniki da gwamnati zai ba da shaida cewa ya ba alƙalin tarayya Harry Claiborne cin hanci. Ba a kama alƙalin da cin hancin ba, amma an kama shi da nasa laifin harajin, majalisar dattawa ta tsige shi a 1986. A 1990 hukumar haraji ta IRS ta rufe gidan kan bashin da ya kai wajen dala miliyan 13, ta yi gwanjonsa a kan dala miliyan 1.49, ashe wanda ya saya da kuɗin Conforte ya saya ta bayan fage, shi kuma Conforte ya sake tserewa Burazil a 1991 yana can kuɗin gidan na binsa. Sai 1999 kotun tarayya ta tabbatar da damfarar, aka ƙwace gidan gaba ɗaya. Burazil ta ƙi miƙa shi, a can Rio ya mutu a 2019 yana da shekara 93. Af, labarin nan da ke yawo cewa gwamnatin Amurka ta gudanar da gidan da kanta har ya karye a hannunta, ba gaskiya ba ne, rufewa ta yi ta sayar.

A 2003 gwamnati ta sa ginin a kasuwar intanet ta eBay, wani attajirin filaye Lance Gilman ya saya dala 145,100, aka yanka ginin aka ɗauki wani sashe da jirgi mai saukar ungulu zuwa filinsa ƴan mil kaɗan gaba, ya kuma ci shari'ar mallakar sunan. Gilman ɗin nan shi ne jigon katafaren filin masana'antun da Tesla mai ƙera motocin lantarki ta gina kamfanin batir ɗinta a ciki, kuma a 2012 aka zaɓe shi kwamishina a gundumar Storey, wato mai gidan karuwai ya zauna a majalisar gundumar da gidansa ke cin lasisinta. Hollywood ma ta yi fim kan labarin a 2010, Love Ranch, da Helen Mirren da Joe Pesci.

Abun da ya fi tsaya min a rai shi ne, duk sunayen nan da na jero na masu gida ne da alƙalai da ƴan siyasa. Matan da suka tara dukiyar fa? Dubbai sun ratsa gidan nan amma a labarin kamar babu su. Doka ba ta ɗauke su ma'aikata ba, wai kowacce zaman kanta take yi da kwantiragi, don haka babu albashi babu fansho babu inshorar lafiya daga gida, mai gida kuma yana yankar rabin duk abun da ta samu, cikin ragowar ta biya ɗaki da abinci da kuɗin likita, in direban tasi ne ya kawo baƙon shi ma yana da kasonsa. Sai ta yi rajista da ofishin ƴan sandan gunduma a ba ta kati. A zamanin Conforte mace kan yi sati biyu uku a kulle cikin shinge ba ta fita gari, in an danna ƙararrawa su fito su jeru baƙo ya zaɓa.

Gaskiya ta fannin lafiya an yi abun da za a faɗa, tun 1986 gwajin ƙanjamau wajibi ne duk wata, na ciwon sanyi duk sati, kwaroron roba ya zama dole a 1988, kuma akwai matan da suka fito suka ce nan ya fi musu titi kwanciyar hankali. Ban ƙaryata su ba, su suka san abun da suka gudo wa. Amma matan ake gwadawa, mazan da ke zuwa ba wanda ke ɗibar jininsu. Kuma gidajen masu lasisi a duk jihar wajen 20 ne kawai, mafi yawan harkar tana can Las Vegas ana yinta a ɓoye da kawalai kamar yadda take tun da.

Sanata Harry Reid ya tsaya gaban majalisar jihar a 2011 ya roƙi a haramta gidajen, ba a bi ta kansa ba. A 2018 gundumar Lyon mai maƙwabtaka ta kaɗa ƙuri'a, kusan kashi 80 cikin 100 suka ce a bar su. Korona ce kaɗai ta iya rufe su, daga Maris 2020 zuwa Mayu 2021, fiye da shekara matan ba su da hanyar samun kuɗi kuma ba albashin da za su jira tunda dama ba ma'aikata ba ne, da aka ɗage dokar kullen Mustang Ranch ya sake buɗewa.