Laifin zuga yaro ya gudu daga hannun mai kula da shi

Zuga yaro ya gudu daga hannun mai kula da shi laifi ne da dokokin ƙasashe da dama suka tanadar wa hukunci, kuma 'yan majalisa kan gabatar da ƙudurorin faɗaɗa shi ko tsananta hukuncinsa. Mai kula a nan yana iya zama mahaifi, ko mariƙi, ko gidan renon da hukuma ta damƙa wa yaron. Da ƙafarsa yaron yake fita, babu tilas, amma doka tana bin wanda ya hure masa kunne, domin ba ta karɓar yardar ƙaramin yaro a matsayin hujja.

A Ingila, sashe na 49 na Dokar Yara ta 1989 ya haramta zuga yaron da ke ƙarƙashin kulawar hukuma, ko taimaka masa, ya gudu ko ya ƙi komawa wurin wanda ke da alhakinsa. Hukuncin shi ne ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko tara, ko duka biyun. Dokar Satar Yara ta 1984 ta fi wannan tsanani, domin wanda ya ɗauke ɗan ƙasa da shekara 16 ba bisa izini ba yana iya shan ɗaurin shekara bakwai. Kundin laifuka na Indiya na 1860, wanda aka daina aiki da shi a 2024, ya sa yaudarar yaro daga hannun waliyyinsa cikin laifin satar mutum.

Masu neman a tsananta hukunci suna kafa hujja da cewa yaron da ya rabu da gida yakan faɗa hannun masu safarar mutane da masu lalata da yara, kuma intanet ta ba mayaudari damar shiga ransa ba tare da ya kusanci gidan ba. Hujjar tana da ƙarfi.

Wahalar tana wajen rubuta dokar. Yara da yawa duka ko cin zarafi ne ke korar su daga gida, don haka dokar da ba ta bambance mayaudari da mai ceto ba za ta iya kama maƙwabci ko malamin da ya ce wa yaro ya nemi mafaka, ta kuma mayar da yaron wurin mai cutar da shi. Wannan ya saɓa wa sashe na 19 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wanda ya wajabta kare yaro daga cutarwar masu kula da shi kansu. Don kauce wa wannan matsala, sashe na 51 na Dokar Yara ta Ingila ta 1989 ya keɓe gidajen mafaka masu takardar shaida daga wannan laifi. A Amurka kuma, kundin laifuka na samfuri na 1962, wanda aka rubuta don jihohi su yi koyi da shi, ya ba wanda ake tuhuma kariya idan ya yi imanin cewa abin da ya aikata ya zama dole don tsare yaron daga haɗari.