Kariya da Kuɓutarwar Allah a Littafi Mai Tsarki

A Littafi Mai Tsarki, kariyar Allah aiki ne da yake yi a cikin tarihi domin jama'ar da ya ƙulla alkawari da su. Zabura kan kira shi garkuwa, kagara, mafaka da makiyayi, musamman a Zabura 23, 46, 91 da 121.

Fitowa daga Masar

Fitar Isra'ilawa daga bautar Masar ita ce tushen da sauran littattafai suke komawa gare shi. Fitowa 12 ta tsara Idin Ƙetarewa dalla-dalla: kowane gida ya ware ɗan rago ko ɗan akuya, namiji, bana ɗaya, marar lahani, ran 10 ga wata, a yanka shi ran 14 da maraice. A shafa jinin a madogaran ƙofa biyu da bisanta, a gasa naman a ci da gurasa marar yisti da ganyaye masu ɗaci, kada kowa ya fita sai gari ya waye. Gidan da ke da jinin, annobar da ta kashe 'ya'yan fari a Masar ta wuce shi. Da Fir'auna ya biyo Isra'ilawa da zaɓaɓɓun karusai 600, al'amudin girgijen da Allah yake yi musu jagora da shi ya koma bayansu ya raba sansanonin biyu, iskar gabas mai ƙarfi ta busa dukan dare har teku ya rabu. Masana sun saɓa kan lokacin: wasu sun ce wajen 1446 kafin haihuwar Almasihu, wasu ƙarni na 13.

Zamanin mahukunta da sarakuna

Gidiyon ya ci Madayanawa da mutum 300 kacal. A wajen 701 kafin haihuwar Almasihu, Sennakerib sarkin Assuriya ya yi wa Urushalima barazana a zamanin sarkinta Hezekiya. 2 Sarakuna 19 ta ce mala'ikan Ubangiji ya kashe 185,000 a dare ɗaya. Rubutun Assuriyawa ya ambaci harajin da Hezekiya ya biya, amma bai ce an ci birnin ba.

Inda kariyar ta janye

Nassi bai yarda a mai da alkawarin laya ba. Isra'ilawa sun kai akwatin alkawari, alamar kasancewar Allah a tsakaninsu, bakin dāga don ya ba su nasara, Filistiyawa suka ƙwace shi (1 Sama'ila 4). Annabi Irmiya ya gargaɗi masu dogara ga Haikali alhali suna zaluntar marayu da gwauraye; Babila ta rushe Haikalin a 587 ko 586 kafin haihuwar Almasihu.

Sabon Alkawari

A nan nauyin ya koma kan ceto daga zunubi da mutuwa ta wurin Yesu. Da Iblis ya kawo masa alkawarin kariya na Zabura 91 don ya faɗa daga kan Haikali, ya ƙi, ya ce ba a gwada Allah. Ayyukan Manzanni 12 ta haɗa abu biyu a sura ɗaya: Sarki Hirudus ya kashe manzo Yakubu da takobi, amma mala'ika ya fid da Bitrus daga kurkuku yana ɗaure da sarƙa biyu tsakanin sojoji biyu. Ɗarikun Kirista sun bambanta kan ko alkawarin ya haɗa da lafiyar jiki da wadata a wannan duniya.