Waiwaye: Yadda Aka Fara Sauke wa Dabbobi Nauyin Gwajin Magani

A da, macen da ke son sanin ko tana da juna biyu tun da wuri, sai an sadaukar da dabba kafin ta ji amsa. A 1927 wasu likitoci biyu a Jamus, Aschheim da Zondek, suka gano cewa idan aka yi wa ƙananan ɓeraye mata allurar fitsarin mai ciki, mahaifar ƙwansu na sauyawa. Sai dai ba a ganin sauyin sai an farke ɓeran. Aka koma kan zomo, shi ma haka. Daga baya aka samu sauƙi da wani kwaɗon kudancin Afirka, wanda macensa ke zuba ƙwai cikin kwana guda bayan allurar, ta kuma rayu. A shekarun 1960 aka koyi gano sinadarin da ke nuna juna biyu kai tsaye a fitsari, aka sallami ɓera da zomo da kwaɗo gaba ɗaya. Ba tausayi kaɗai ya cece su ba. Sabuwar hanyar ta fi sauri, ta fi araha.

Amfani da dabba wajen binciken jiki ya daɗe, tun zamanin Galen, likitan daular Rum da ke feɗe birai da aladu a ƙarni na biyu. Ƙorafi a kai ma ba sabo ba ne, don Birtaniya ta kafa dokar taƙaita shi tun 1876. Abin da ya mayar da gwajin wajibi shi ne mutuwar mutane. A 1937 wani maganin ruwa da aka haɗa da sinadari mai guba ya kashe mutum fiye da 100 a Amurka, da yawansu yara. Shekara na zagayowa aka yi dokar da ta tilasta tabbatar da lafiyar magani kafin a sayar. A 1944 John Draize ya fito da gwajin ɗiga sinadari a idon zomo a ga irin ɓarnar da zai yi.

Sai masifar talidomaid, maganin da aka riƙa ba masu ciki saboda laulayi a ƙarshen shekarun 1950, aka haifi jarirai kusan 10,000 da nakasar hannu da ƙafa. Kowane ɓangare na kafa hujja da ita har gobe. Masu kare gwajin suna cewa ba a gwada maganin a kan dabbobi masu ciki ba kafin a sake shi. Masu suka suna cewa da aka gwada daga baya, ɓeraye ba su nuna nakasar sosai ba, sai zomaye da birai. Dukansu gaskiya suka faɗa, kuma nan gizo ke saƙar: dabba tana gargaɗi, amma ba mutum ba ce.

A 1959 William Russell da Rex Burch suka buga littafi a Ingila da ya shimfiɗa ƙa'idoji uku: a musanya dabba da wani abu in zai yiwu, a rage yawan waɗanda ake amfani da su, a sassauta musu azaba. Littafin ya sha ƙura shekaru. Abin ya motsa ne a 1980, lokacin da ɗan fafutuka Henry Spira ya sayi shafi guda a jaridar New York Times yana tuhumar kamfanin Revlon da makantar da zomaye saboda kwalliya. Kamfanin ya ba Jami'ar Rockefeller dala 750,000 don neman wata hanya. A 1981 Jami'ar Johns Hopkins ta buɗe cibiyar wannan bincike.

Ƙirƙirar hanya ashe ita ce mai sauƙi. Wahalar tana wajen gamsar da hukumomi, kuma ban ga laifinsu ba, don wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Shi ya sa Turai ta kafa cibiya a Ispra ta ƙasar Italiya a 1991, aikinta tantance sababbin hanyoyi. Sannu a hankali fatar mutum da aka raina a ɗakin gwaji ta karɓi aikin fatar zomo. A 2002 ƙungiyar OECD, mai haɗa ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, ta soke tsohon gwajin da ake ɗura wa dabbobi guba har sai rabinsu sun mutu, gwajin da ya samo asali tun 1927. A 2013 Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabba.

Magani ya fi kwalliya wuya. A 2006 a Landan, matasa shida sun kusa rasa rai da wani magani da birai suka jure ninki 500 na abin da aka ba matasan. Kusan tara cikin goma na magungunan da ke kaiwa gwajin mutane ba sa tsallakewa, alhali sun wuce matakin dabba. Wannan giɓi ne masana ke son cikewa da ƙwayoyin halittar ɗan Adam. A 2009 ɗakin gwajin Hans Clevers a Holan ya raini ɗan mitsitsin hanji daga ƙwayoyin asali na ɓera, wato ƙwayoyin da ke iya rikiɗa su zama wasu nau'ukan ƙwayoyin jiki. A 2010 masu bincike a Jami'ar Harvard suka ƙera huhu a cikin ɗan guntun roba, ƙwayoyin mutum a ciki suna miƙewa suna tsukewa kamar numfashi. Ga kuma kwamfuta da ke hasashen gubar sinadari daga ƙirarsa.

Har yanzu babu guntun robar da zai nuna yadda magani ke ratsa jiki sukutum na tsawon shekaru, ko abin da zai yi wa ɗan tayi. Duk da haka, a Disamba 2022 Amurka ta cire sharaɗin dole sai an gwada sabon magani a kan dabba kafin mutum, a Afrilu 2025 kuma hukumar kula da magungunanta ta fitar da shirin rage gwajin mataki-mataki, za ta fara da magungunan garkuwar jiki, ajin wanda ya kwantar da matasan Landan.