Lokaci mai ci a Turanci: yaushe ake saka -ing, yaushe ba a sakawa?

Yaya ake gina shi?

Littattafan nahawun Turanci suna kiransa *progressive*, wasu su ce *continuous*, duk abu ɗaya ne. Kashi biyu gare shi: aikatau mataimaki *be*, sai babban aikatau da aka liƙa wa *-ing* a ƙeya. Shi *-ing* ba ya motsi ko kaɗan. *Be* ne ke ɗauke da lokaci: *she is writing* yanzu, *she was writing* a baya, *she will be writing* nan gaba. *Am* na *I* ne kaɗai, *is* na mutum ɗaya ko abu ɗaya, *are* na *you*, *we* da *they*. A shuɗaɗɗen lokaci kuma *was* da *were* ne. Idan tambaya ce, sai *be* ya dawo gaba: *Is she writing?* Idan korewa ce, *not* ya biyo shi: *She is not writing.* Abin da ba ya yiwuwa shi ne a tsallake *be*; *she writing* ba jimla ba ce.

Me ya bambanta *I work* da *I am working*?

Na farko hali ne ko al'ada, na biyu aiki ne da aka fara ba a gama ba, kuma ana sa ran zai ƙare. Wanda ya ce *I live with my brother* yana faɗin mazauninsa ne. Wanda ya ce *I am living with my brother* yana nuna zaman na ɗan lokaci ne, kafin ya sami wurinsa.

A nan ne mai jin Hausa ya fi yin tuntuɓe, domin "ina", "yana", "suna" sun fi *-ing* faɗi. Muna cewa "yana zuwa makaranta kullum", amma Bature zai ce *he goes to school every day*. Haka kuma "yana" ba ya nuna lokaci da kansa: "jiya ina karatu sai ya shigo" daidai ne a wurinmu, a Turanci kuwa dole *be* ya koma baya, *I was reading when he came in*. Lura da yadda jimlar ta raba aiki: dogon aikin da ake tsaka da shi ya ɗauki *-ing*, gajeren da ya katse shi ya zo a shuɗaɗɗen lokaci kawai.

Me ya sa malamai ke jan layi a ƙarƙashin *I am having a car*?

Saboda akwai aikatau da ke nuna yanayi, babu wani motsi a cikinsu: *know*, *believe*, *understand*, *want*, *own*, *belong*, *need*. Waɗannan a al'ada ba sa karɓar *-ing* na lokaci mai ci. "Ina da mota" *I have a car* ne, "ina so" kuma *I want*. Mallaka ba aiki ba ce da za a ce an tarar da mutum a tsakiyarta.

Sai dai wasu fuska biyu gare su. *Have* idan ya bar ma'anar mallaka ya koma yin abu, yana karɓa: *we are having a meeting*. *I think he is right* ra'ayi ne, *I am thinking about it* kuwa tunanin ake kan yi. Wanda ya fi burge ni shi ne *be* kansa. *He is rude* hukunci ne a kan halin mutum baki ɗaya. *He is being rude* na nufin yau ne ya tsiri rashin kunya, ba lallai haka yake ba. Kalma ɗaya ce tsakani, amma jimlar farko zagi ce, ta biyu ƙorafi.

Ba doka ba ce mai kaifi ɗaya. *Love* ma aikatau ne mai nuna yanayi, amma tun 2003 kamfanin abinci na McDonald's ke talla da *I'm lovin' it*, kuma a hira za ka ji *I'm loving this*. A takardar jarrabawa ko wasiƙar ofis dai, gara ka tsaya a *I love*.

"Tun safe nake jira" fa?

Ba *I am waiting since morning* ba. Aikin da ya faro daga baya har ya iso yanzu yana buƙatar *have been*: *I have been waiting since morning*. *Since* na mafari ne, *since 2019*, *since Monday*. *For* na tsawon lokaci, *for two hours*. Idan duk labarin a baya yake, sai *had been*: *they had been walking for hours when the rain started*. Akwai kuma *will have been working*, amma da wuya ka buƙace shi.

Gaskiya ne ana amfani da shi don abin da bai faru ba tukuna?

Ƙwarai, idan an riga an shirya abin. *I am meeting the doctor tomorrow* na nufin an sa rana. Shi ya sa ba a cewa *it is raining tomorrow*: babu wanda ke sa wa ruwan sama rana. Haka nan idan aka haɗa shi da *always* yakan fito da gajiya da halin mutum: *you are always losing your keys* mita ce, ba labari ba.

Akwai ƙa'idar rubuta *-ing*?

Akwai, kuma ba ta da yawa. *E* da ba a furtawa a ƙarshe yana faɗuwa: *make* ya zama *making*, amma *see* ya zama *seeing*. *Ie* yana komawa *y*: *lie*, *lying*, *die*, *dying*. Kalma mai gaɓa ɗaya da ta ƙare da wasali ɗaya da baƙi ɗaya tana ninka baƙin: *sitting*, *running*, ban da *w*, *x* da *y*, shi ya sa *fixing* da *playing* ba su ninka ba. A doguwar kalma ana duba inda nauyin furuci ya sauka: *beginning* ya ninka domin nauyin yana ƙarshe, *opening* bai ninka ba. Turawan Ingila suna rubuta *travelling*, na Amurka *traveling*. Ka zaɓi ɗaya ka riƙe.

To *is being built*?

Wannan siga ce ta lokacin da ba a damu da wanda ke aikin ba, kamar "ana gina gidan": *the house is being built*. Sabuwa ce idan aka kwatanta da sauran. Sai a ƙarshen ƙarni na 18 ta fara bayyana a rubuce, kuma masana nahawu na ƙarni na 19 sun yi ta sukarta suna ganinta lalata harshe. Kafin ita, abin da Turawa ke cewa shi ne *the house is building*, jimlar da yau malami zai ja mata jan biro.