Binciken ɗabi'ar kifi, homon da ƙwayoyin gado

Binciken ɗabi'ar kifi wani reshe ne na bayoloji da ake yi a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, inda ake kiwon kifi cikin tankunan gilashi ana lura da yadda yake cin abinci, yadda yake faɗa da yadda yake barbara, sannan a bi diddigi a gano wane homon ne ko wace ƙwayar gado ce ke sa shi yin haka. Homon dai sinadari ne da jiki ke saki cikin jini ya kai saƙo daga wata gaɓa zuwa wata, ƙwayar gado kuma ita ke ɗauke da siffofi da halayen da 'ya'ya ke gada daga iyaye. A nan Katsina in ka ce aikinka kallon kifi ne sai a ɗauka ko kai masunci ne a dam ɗin Zobe ko Ajiwa ko Sabke, alhali duk mai kiwon tarwada a bayan gidanshi yana cin moriyar wannan ilimi ko bai sani ba.

Tarwada ma ta isa misali. A daji ba ta yin ƙwai sai damina ta kankama ruwa ya yi ambaliya, shi ke ba ƙwaƙwalwarta alama, ita kuma ta umarci wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashinta mai suna fituwitari ta saki homon ɗin da zai nunar da ƙwai. To a cikin tankin siminti ina za ta ga ambaliya? Sai ta riƙe ƙwanta. Da masu bincike suka gane haka sai suka fara ciro fituwitarin wani kifin su niƙa su yi wa macen allura, daga baya aka zo da na kwalba irin su Ovaprim da ake ba rabin mililita ga kowane kilo 1 na nauyin kifi, cikin awa 10 zuwa 12 gwargwadon ɗumin ruwa an iya tatse ƙwan, a zuba masu maniyyin namiji (shi namijin yawanci sai an yanka shi), kwana ɗaya kacal sun ƙyanƙyashe. Allurar nan dai damina ce a cikin sirinji, kuma a ganina ita ce babbar kyautar da wannan fanni ya yi wa talakan ƙasar nan.

Karfasa ita matsalarta akasin haka ce, yawan haihuwa, har tanki ya cika da ƙanana babu mai girma. Macen tana goyon ƙwanta a baki, ba ta ko cin abinci sosai a lokacin, shi ya sa namiji ke fin ta girma. Don haka ake gauraya homon ɗin maza a abincin 'ya'yan, miligiram 60 a kilo 1 na abincin, na wajen sati 3 zuwa 4, kusan duk sai su tashi maza. Abin mamaki ko ruwa mai zafi sosai a farkon rayuwarsu yana iya yin haka.

Ta ɓangaren ɗabi'a, masanin ɗabi'ar dabbobi Niko Tinbergen ya nuna cewa namijin wani ɗan kifin Turai jan ciki kawai yake gani ya kai hari, ko da na katako ne aka fenta. Ya samu kyautar Nobel a 1973 tare da Konrad Lorenz da Karl von Frisch, shi von Frisch ɗin ne ya gano cewa in kifi ya ji ciwo fatarshi na sakin wani sinadari da ke sa 'yan uwanshi su watse. A 1951 kuma Hans Lissmann ya gano cewa yauni, namu na kogunan Afirka, yana fitar da 'yar wutar lantarki mara ƙarfi, daga baya aka tabbatar cewa da ita yake gane abin da ke gefenshi cikin ruwa mai laka. Ba irin ta minjirya ba ce mai jan mutum. Russell Fernald na jami'ar Stanford a Amurka shi kuma ya shafe shekaru kan wani dangin karfasa na tafkin Tanganyika: in aka cire babban namiji daga tanki, cikin 'yan mintuna wani da ke raɓe a gefe zai canza launi ya hau mulki, homon ɗinshi ya tashi, har wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwarshi su ƙara girma.

A ƙwayoyin gado kuwa sarkin lab shi ne kifin zebra, ɗan ƙarami mai zane-zane ɗan asalin Indiya da Bangaladash. George Streisinger na jami'ar Oregon ne ya kawo shi fagen nan, aikinshi na 1981 ya buɗe ƙofa. Ƙwan kifin garau yake, a madubin lab mai ƙara girman ƙananan abubuwa kana kallon zuciya ta fara bugawa kwana ɗaya da haɗuwar ƙwai da maniyyi, wata 3 ya balaga. A 2013 aka fitar da cikakken jerin ƙwayoyin gadonshi, aka ga kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna da takwara a jikinshi, shi ya sa ake gwajin cututtukan mutane da shi.

Aikin yau da kullum fa ba wani ƙyale-ƙyale, haƙuri ne zalla: ciyarwa, wanke tanki, auna zafin ruwa ya tsaya wajen digiri 28, ɗaukar bidiyo, zama gaban kwamfuta ana ƙirga sau nawa wannan ya ciji wancan, yanko ɗan gefen wutsiya don ciro DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. Kifi bai san Asabar ko hutun Sallah ba, kuma in wuta ta ɗauke injin iska ya tsaya da dare aikin wata 6 na iya mutuwa kafin asuba, a wajenmu wannan da zafin bazara su ne manyan abokan gaba.

Mai sha'awa kan fara da digirin bayoloji, ilimin dabbobi ko kiwon kifi, kamar a jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta tarayya da ke Dutsin-ma, sai mastas da dakta. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa tana New Bussa a jihar Neja, bakin tafkin Kainji.